Afgired ɗin Windows ya ƙi sauka a kwamfutar tebur: yadda za ka bi abin daki-daki ba sai ka yi fomat ba

In kwamfutarka ta tebur ta fara sauke sabon Windows, ta kai kashi 30 ko 60 ko ma 99 sai ta tsaya cik, ko kuma ta fito maka da saƙo cewa daunlodin ɗin ya gaza ka sake gwadawa, toh dan Allah kar ka fara tunanin fomat, kuma kar ka zauna kana ta danna Retry sau goma kana ƙona data a banza. Mafi yawan lokuta matsalar ba ta wuce abu huɗu ba: ko wuri ya ƙare a ma'ajiya, ko intanet ɗin na yankewa, ko agogon kwamfutar ya kauce, ko kuma rabin fayil ɗin da ya sauko a karon farko ya lalace yana nan kwance a ciki, duk sanda ka sake gwadawa sai Windows ta koma kansa ta sake tuntuɓe a wuri guda. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi wahalar da mutane, kuma shi ya sa danna Retry kawai ba ya maganin komai.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025 mutane da yawa suka tashi haiƙan za su koma Windows 11, don haka a kansa zan fi yin bayani, amma kusan duk matakan nan suna aiki a kan manyan afdet na Windows 10 ɗin ma.

Da farko ka tabbatar ta tsaya ɗin da gaske

Lambar kashi-kashin da kake gani a sikirin ba abin dogaro ba ce sosai, tana iya zama a wuri ɗaya tsawon lokaci alhali a ciki aiki ake yi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, ka kalli Ethernet ko Wi-Fi sannan ka kalli Disk. In ka ga layin yana hawa yana sauka toh aiki na tafiya, ƙyale ta kawai, musamman in tsohon hadi dis ne mai juyawa a ciki ba SSD ba, waɗannan akwai su da nawa. In kuwa duka biyun sun kwanta shiru fiye da awa ɗaya ko biyu, toh ta maƙale.

Sai abu na biyu, wanda yawancin mutane suke tsallakewa kuma raina yana ɓaci a kansa gaskiya: lambar kuskuren. Windows ba ta gazawa haka kawai ba tare da ta faɗa maka dalili ba, sai dai da lamba take faɗa. Shiga Settings, Windows Update, Update history, a Windows 10 kuma Update & Security za ka fara shiga. Za ka ga wata lamba da ta fara da 0x. Rubuta ta a takarda ko ka ɗauke ta hoto da waya, domin ita ce za ta rage maka rabin wahala. In ka ga 0x80070070 wuri ne ya ƙare. 0x80072EE2 na nufin an jira sabar Microsoft har lokaci ya ƙure ba a samu amsa ba, 0x8024402C kuma kwamfutar ce ta kasa gano adireshin sabar, sau da yawa saboda furoksi ko DNS. 0x80072F8F galibi agogo ne. 0x80070002 da 0x80073712 suna nuna wani fayil da ake buƙata ya ɓata ko ya lalace. 0x800F0922 na iya zama VPN ne ya tare hanya ko kuma ɗan ƙaramin sashen ma'ajiyar da Windows ke keɓe wa kanta ne ya cika. Wadda ta fara da 0xC1900 kuwa, galibi ba wajen saukewa ba ne, wajen ɗorawa ne abin ya lalace, wannan zan taɓo shi can gaba.

Kafin ka taɓa komai, kwafe muhimman fayil ɗinka zuwa filashi ko hadi dis na waje. Matakan da ke ƙasa ba sa goge hotuna ko takardunka, amma duk aikin da ya shafi canza Windows ba a shigarsa ba tare da kwafi a gefe ba.

Agogo, da ɗan batirin da ke kan madabod

Wannan na kawo shi da wuri saboda cuta ce ta kwamfutar tebur musamman wadda ta kwana biyu. Kalli kusurwar dama ta ƙasa, kwanan wata da lokaci daidai suke? Sabar Microsoft na amfani da takardar shaidar tsaro mai wa'adi, in agogonka ya nuna wata shekara can baya sai kwamfutar ta ɗauka shaidar ba ta inganta ba, ta ƙi yarda a haɗu gaba ɗaya. Shiga Settings, Time & language, Date & time, ka kunna Set time automatically, ka duba yankin lokacin daidai ne, sannan ka danna Sync now.

In ka gyara, ka kashe kwamfutar ka zare soket, da ka kunna ka ga agogon ya sake komawa baya, toh batirin madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, shi ne ya mutu. Ɗan ƙarami ne zagayayye mai lamba CR2032 a yawancin kwamfutoci. Zare wuta gaba ɗaya, buɗe murfin gefe, taɓa ƙarfen akwatin da hannu don cajin jikinka ya sauka, ka tura ɗan ƙarfen da ya riƙe shi ya fito ka sa sabo, ɓangaren da ke da alamar + yana kallon sama. Bayan nan sai ka sake saita lokaci.

Wuri a ma'ajiyar C

Buɗe This PC ka ga nawa ya rage a C. Afgired ba girman fayil ɗin da ake saukewa kaɗai yake ci ba, sai an warware shi, sannan a ajiye tsohon Windows ɗinka gaba ɗaya a wata folda mai suna Windows.old saboda ko za ka so komawa. Ni shawarata kar ka fara in ba ka da aƙalla giga 30 a sake, in ka samu fiye da haka ma ya fi kwanciyar hankali.

Rubuta cleanmgr a wurin bincike, zaɓi C, sannan ka danna Clean up system files, nan ne ainihin shara take. Yi alama a kan Windows Update Cleanup da Temporary files da Delivery Optimization Files da Temporary Windows installation files in akwai. Amma ka kula, wasu nau'o'in Windows 10 suna saka Downloads a cikin jerin, kar ka yi masa alama in akwai abin da kake so a can. In har yanzu wurin bai isa ba, kwashe bidiyoyi zuwa waje, cire manyan wasanni da manhajojin da ba ka amfani da su. Akwai kuma wani ɓoyayyen fayil na hibernation da ke cin giga da dama, kwamfutar tebur ba ta cika buƙatarsa ba, ka buɗe Command Prompt a matsayin admin (rubuta cmd a wurin bincike, yi kilik na dama, Run as administrator) ka rubuta

powercfg /h off

in komai ya kammala ka mayar da shi da on a madadin off.

Intanet ɗin

Ba saurin intanet ne ya fi muhimmanci a nan ba, ɗorewarsa ne. Netwok mai tafiya a hankali amma ba ya yankewa ya fi mai gudu da ke ɗaukewa duk bayan minti goma. Kwamfutocin tebur da yawa da ɗan adaftan Wi-Fi na USB suke kama netwok, an cusa shi a bayan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur jikin bango, ina zai samu sigina mai kyau a nan? In da hali ja waya daga rawuta kai tsaye zuwa kwamfutar, ko da na ranar nan ɗaya ne. In da hotspot na waya kake amfani, haɗa wayar da kebul ka kunna USB tethering, ya fi tsayawa.

Sai ka duba ko an saita layin a matsayin mai awon data. Settings, Network & internet, ka shiga kan layin da kake kai, ka kashe Metered connection, saboda in yana kunne Windows na ƙin sauke manyan afdet da gangan don kar ta cinye maka data. Kashe VPN in kana da shi, ka leƙa Proxy a wannan shafin dai ka tabbatar babu wani adireshi da wata manhaja ta cusa ba ka sani ba. A ƙarƙashin Windows Update, Advanced options, Delivery Optimization, ka duba ko an taɓa sa wa saukewa iyakar gudu, in an sa cire ta, ka kuma kashe zaɓin karɓar fayil daga wasu kwamfutoci na ɗan lokaci. Kar ka manta da barci, ka shiga saitin Power ka sa Sleep a kan Never har a gama, sikirin zai iya mutuwa ba komai amma kwamfutar kar ta yi barci.

In lambar kuskurenka ta netwok ce, buɗe Command Prompt na admin ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter bayan kowanne:

ipconfig /flushdns
netsh winsock reset
netsh winhttp reset proxy

sai ka yi ristat, har da rawutar, zare ta ka jira kamar minti ɗaya ka mayar. In kwamfutar ofis ce da ke ƙarƙashin masu kula da na'urori, kar ka taɓa furoksi, su za ka yi wa magana domin wataƙila daga sabar cikin gida take karɓar afdet.

Wani abin kuma, kwamfutar tebur ba ta da batir irin na laftof, wuta na ɗaukewa ta mutu nan take. Lokacin saukewa asarar ba ta da yawa, fayil ne zai lalace a sake, amma lokacin ɗorawa abin na iya yin muni. In kana da UPS toh ranar amfaninsa kenan.

Antibairos da ba na Windows ba ma yakan sa baki, in kana da shi cire shi gaba ɗaya na ɗan lokaci, kashewa kawai ba ta cika isa ba, Windows Security zai karɓi aikin da kansa. Ka zare firinta da sikana da kyamara da duk wani abin USB, ka bar kibod da maus kawai.

Share rubabben daunlodin

Akwai mai gyara na cikin Windows, a Settings, System, Troubleshoot, Other troubleshooters, Windows Update. Gwada shi, ba ya ɗaukar lokaci, wani sa'in ya yi aiki wani sa'in ya ce bai ga komai ba. In bai yi ba toh sai mu yi da hannu, kuma nan ne zuciyar aikin.

Duk abin da Windows Update ta sauke tana tara shi a C:\Windows\SoftwareDistribution, tare da rajistar abin da ta sauke da inda ta tsaya. Akwai kuma C:\Windows\System32\catroot2 inda ake ajiye sa hannun tantance fayil ɗin. In wuta ta ɗauke ko netwok ya yanke a mummunan lokaci, sai a samu fayil rabi da rabi amma rajistar na cewa lafiyarsa ƙalau, ko akasin haka. Kamar gini ne a kan bulon da ya tsage, duk yadda ka ɗora sai ya zube daga nan. Abin da za mu yi shi ne mu janye foldojin biyu gefe, Windows ta ƙirƙiri sababbi ta fara daga farko.

Cire intanet tukunna, zare wayar ko ka kashe Wi-Fi, don kar sabis ɗin, wato shirin da ke aikin afdet a bayan fage, ya tashi da kansa kana tsakar aiki. Rubuta cmd a wurin bincike, yi kilik na dama, Run as administrator. Sai ka tsayar da sabis ɗin:

net stop wuauserv
net stop bits
net stop cryptsvc
net stop msiserver

In ya ce wani daga ciki dama ba ya aiki, ba matsala, wuce gaba. Yanzu canza sunan foldojin:

ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old
ren C:\Windows\System32\catroot2 catroot2.old

Ka lura da kyau catroot2 ne mai lamba 2 a ƙarshe, akwai wata kusa da ita mai suna catroot kawai, wannan kar ka kuskura ka taɓa ta. Kuma canza suna na ce ba gogewa ba, saboda in wani abu ya rikice kana iya mayar da sunan yadda yake. In ya ce maka Access is denied, wani sabis ne har yanzu yake riƙe da foldar, yi ristat ba tare da intanet ba ka sake bin matakan, in ta ƙi kuma ka shiga Safe Mode ka yi a can. In kuma ya ce akwai mai wannan sunan, an taɓa yin aikin a baya kenan, sa .old2 kawai.

Sai ka tada su da net start a madadin net stop, duka huɗun, ka yi ristat, ka mayar da intanet, ka danna Check for updates. Binciken farko zai ɗan daɗe fiye da yadda ka saba don daga tushe yake farawa, kuma jerin tarihin afdet na iya nuna kamar ba komai, kar hankalinka ya tashi afdet ɗin da ka riga ka ɗora suna nan.

In ita Windows ɗin ce ke da rauni a ciki

Ya sake gazawa, musamman da 0x80073712? Toh akwai yiwuwar fayil ɗin tsarin ne suka samu matsala. A Command Prompt na admin, da intanet a haɗe, rubuta

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Wannan yana ɗaukar lokaci, kuma an san shi da tsayawa a wajen kashi 62 kamar ya mutu, bai mutu ba, kar ka rufe tagar. In ya gama sai ka bi shi da

sfc /scannow

DISM ake farawa da shi domin shi ke gyara rumbun da sfc ke ɗebo lafiyayyun fayil daga ciki. Bayan nan ka rubuta chkdsk C: /scan ka ga lafiyar ma'ajiyar. In fayil suna ta lalacewa a kai a kai, ko kana jin hadi dis ɗin yana wani ƙas-ƙas, dakatar da maganar afgired gaba ɗaya, kwashe bayananka yau ɗin nan ka canza dis, don aikin afgired rubutu ne mai nauyi da kan iya ƙarasa dis ɗin da ke gargara.

Ko kwamfutar ma ta cancanta?

Windows 11 na neman furosesa mai bit 64, RAM giga 4, ma'ajiya giga 64, UEFI mai iya Secure Boot, da TPM 2.0, wato sashen tsaro da ke ajiye mabuɗan sirri. A ɓangaren Intel galibi daga ƙarni na 8 ne zuwa sama, AMD kuma daga Ryzen 2000. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta faɗa maka takamaimai abin da ya hana. 0xC1900200 ma abin da take nufi kenan, ba a cika sharuɗɗa ba.

Kwamfutocin tebur da yawa, musamman waɗanda aka harhaɗa da hannu, suna da TPM ɗin amma a kashe yake. Rubuta tpm.msc ka gani. In ya ce bai samu ba, shiga BIOS, wato saitin madabod, lokacin kunnawa, galibi da Del ko F2, ka nemi PTT in Intel ce, ko fTPM in AMD ce, ka kunna. Amma in BitLocker, wato makullin ma'ajiya na Windows, na kunne, nemo mabuɗin dawo da shi mai lamba 48 ka ajiye kafin ka taɓa BIOS, in ba haka ba kana iya kulle kanka a waje. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan nan da ake yaɗawa, ni ba na ba da shawararsu a kwamfutar da ake neman abinci da ita, saboda Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan afdet ba.

Hanyar da ta fi tabbas: sauke ISO da kanka

In duk ka bi na sama abin ya ƙi, ko kuma dama netwok ɗinka ba mai ɗorewa ba ne, rabu da Windows Update ɗin. Je shafin Microsoft na sauke Windows 11, shafinsu na ainihi, ba wani wurin da ke raba wanda aka yi wa kwaskwarima ba, ba ka san me aka cusa a ciki ba. Za ka ga zaɓi uku, Installation Assistant da Media Creation Tool da kuma ISO kai tsaye, wato fayil guda mai ɗauke da Windows ɗin gaba ɗaya. Ni ISO na fi so, don kana iya sauke shi a wata kwamfutar da ke da intanet mai kyau ka kawo a filashi, kuma sau ɗaya za ka sauke ko kwamfuta nawa za ka yi wa.

Abubuwa kaɗan ka kiyaye. Link ɗin da za su ba ka awa 24 yake yi ya mutu. Fayil ɗin ya haura giga 5, filashin da ke kan FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, don haka sai NTFS ko exFAT. In Media Creation Tool za ka yi amfani da shi, filashin ya kai giga 8 kuma ka sani zai goge duk abin da ke kai. Sannan harshe, wannan yana kama mutane sosai: dole harshen ISO ɗin ya zo ɗaya da na Windows ɗin da ke kan kwamfutar, kuma English daban yake da English International, in ka saɓa za ka ga zaɓin riƙe manhajojinka ya dushe ba ya dannuwa. Rubuta DISM /Online /Get-Intl ka ga naka, en-US shi ne English, en-GB kuma International.

Da ya sauka, tantance shi kafin ka ɓata lokaci. Buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash ka bar tazara ka sa adireshin fayil ɗin, zai fito da wata doguwar lambar SHA256, ka gwada ta da wadda ke shafin Microsoft ta harshen da ka zaɓa. In ko harafi ɗaya ya bambanta fayil ɗin ya lalace a hanya, sai an sake.

In sun dace, kwafe ISO ɗin kan kwamfutar, yi masa kilik na dama ka zaɓi Mount, zai buɗe kamar faifan DVD, ka danna setup.exe daga cikin Windows ɗin da ke kunne, ba tayar da kwamfutar za ka yi daga filashi ba, wancan hanyar sabon zubi ce. A shafin farko danna Change how Setup downloads updates ka zaɓi Not right now, don kar ya koma neman intanet ɗin da ya ba ka matsala tun farko. A shafin ƙarshe ka karanta da idonka an rubuta Keep personal files and apps kafin ka danna Install. Za ta yi ristat sau da dama, kar ka kashe ta ko da sikirin ya yi baƙi na ɗan lokaci.

In ta yi nisa sai ta juya ta dawo da kai tsohon Windows, matsalar ɗorawa ce kenan. 0xC1900101 kusan kullum direba ce, wato manhajar da ke sa Windows aiki da wani sashen na'ura, sabunta ta katin hoto da ta netwok da ta ma'ajiya daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko madabod ɗin, in akwai hadi dis na biyu a ciki zare wayarsa har a gama. 0xC1900208 kuma wata manhaja ce da ba ta dace ba, sai an cire ta. Microsoft na da ƙaramar manhaja mai suna SetupDiag da ke karanta bayanan gazawar ta nuna maka mai laifin, ko ka buɗe setuperr.log a cikin C:\$WINDOWS.~BT\Sources\Panther ka duba layukan ƙarshe, foldar a ɓoye take sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayil.

In ta hau lafiya, kar ka yi saurin goge Windows.old don neman wuri, kwana 10 kake da shi na komawa baya ta Settings, System, Recovery, Go back, bayan nan Windows za ta share ta da kanta. A cikin kwanakin nan gwada firinta da sauti da duk manhajar da kake aiki da ita. Foldojin nan biyu da muka sa wa .old kuwa kana iya goge su yanzu, sai ka mayar da antibairos ɗinka da saitin barci da Metered connection yadda suke a da.